Daga Motar Kara Zuwa Motar Rimot: Tarihin Batir Da Sikeli A Tseren Ƙananan Motoci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san cewa da zarar an gama yankan gero da dawa, kasuwar motocin yara ta buɗe ke nan. Kara ya samu, aikin gona ya yi sauƙi, sai ka ga yara a gindin bishiya da guntuwar reza da ƙayar aduwa, kowa yana haɗa tasa. Haka muka taso muka tarar, haka ma iyayenmu suka yi tun lokacin da motar farko ta fara tayar da ƙura a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

A ƴan shekarun nan wasan ya sauya kama. Idan Salla ta matso, teburan ƴan koli sukan cika da motocin roba na ƙasar Sin masu rimot. Yaron da babansa ba shi da halin saya masa sai ya nemi ƙaramin inji daga matacciyar rediyo, ya ɗaura wa motarsa ta gwangwani, ya jona mata tsohon batirin salula. Mu malamai in mun gan ta a aji sai mu ƙwace, iyaye kuma su ce shiririta ce. Ni a ganina akwai ilimi a cikin wannan wasa, akwai kuma haɗari, kuma duka biyun suna cikin batirin. Masu tseren motocin rimot a wasu ƙasashe sun shafe sama da shekara 40 suna fama da batun batir da nauyin mota. Abin da suka gano zai amfane mu, shi ya sa na ga ya dace in bi tarihin tun daga tushe.

Motar da ba ta cin pil

Motar farko da yaron ƙauye ke ƙerawa ita ce ta kara. Da ɓawon kara ake yin sanduna, totuwa kuma ita ce mahaɗi. Ƙafafu kuwa daga fasasshiyar ƙwarya ake fafe su, daga baya aka koma yanka tsohon silifa. Idan yaro ya ƙara wayo sai ya koma motar langa-langa ko ta waya, mai dogon sitiyari da ke zuwa masa har ƙirji, yana tafe yana juya ta. Gwanaye su ne masu motar gwangwanin madara ko na tumatir, waɗanda ke yi mata ƙofa mai buɗewa, da bodi irin na manyan motocin da ke ɗaukar gyaɗa da wake ranar kasuwa.

Injin wannan mota ƙafar mai ita ne. Duk da haka wasan yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Ba a haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha biyu, sai dai tsara da tsara. Ba a haɗa motar kara da ta waya. In ana gasar lodi, kowa zai ɗauki duwatsu daidai da na ɗan'uwansa, a ga wadda ƙafarta za ta fara ficewa. Wato tun kafin mu ji labarin wata hukumar tsere, yaran Hausa sun san cewa gasa ba ta da daɗi sai an daidaita masu yin ta. A riƙe wannan, domin shi ne zaren da za mu bi har ƙarshe.

Yadda pil ya iso ƙauyukanmu

A shekarar 1800 ne wani Ba'italiye mai suna Alessandro Volta ya jera faifan tagulla da na tutiya, ya raba su da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya samu wutar da ke gudana ba yankewa. Daga sunansa aka samo ma'aunin nan na bolt, wato harafin V da muke gani a jikin kowane batir. Kalmar pil da muke amfani da ita a Nijar ta Faransanci ce, asalin ma'anarta tsibi ko jeri, saboda jerin faya-fayan nan na Volta. A 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙera batirin dalma da ruwan asid, wanda ake iya sake yi wa caji, shi ne kakan batirin mota da na babur. A 1866 wani Bafaranshen, Georges Leclanché, ya haɗa tutiya da gawayi da wani baƙin gari, daga nan aka samu busasshen pil na rediyo da tocila, mai bolt 1.5.

Tun a wancan zamani batir da tsere suka haɗu. A ƙarshen watan Afrilun 1899, a kusa da birnin Faris, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa da mota. Motar ta lantarki ce, kuma kusan rabin nauyinta batirin dalma ne. A daminar wannan shekara ce ayarin sojan Voulet da Chanoine ya iso ƙasarmu yana ƙone garuruwa, har ajalin shugabannin biyu ya riske su a wajen Maijirgi cikin watan Yuli. Mu abin da ya fara iso mana daga waccan ƙasa ke nan. Batir sai da ya ƙara wasu shekaru masu yawa kafin ya zama kayan gida.

Rediyo ce ta kawo shi. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shekara guda bayan BBC ta fara shirin Hausa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo, inda mutanen gari ke taruwa a gaban akwati guda su saurara, su yi muhawara. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin a wasu makarantun firamare, kuma da yake ƙauyuka ba su da lantarki, da batir akwatunan ke aiki. Tsadar batiran nan na cikin abin da ya sa aka fara gwada hasken rana a wannan aiki tun ƙarshen shekarun 1960, zamanin da Farfesa Abdu Mumuni ke jagorantar binciken makamashin rana a Yamai.

Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980, babban pil muka sani, wanda ake kira R20. Da farko Wonder ta Faransa ce ke tashe, daga baya Tiger Head ta ƙasar Sin ta mamaye kasuwa. Maigida ne ke da iko da sabon pil, domin labaran duniya da tocilar dare. In ya yi sanyi a shanya shi a rana, ya ɗan farfaɗo. Sai ya mutu murus yake zama rabon yara. A fasa shi a ciro sandar gawayin tsakiya a yi zane da ita, baƙin garin kuma a kai lakwal a shafe allo da shi. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, pil ya ƙara zama abin tattali. Yaron wancan lokaci in ya samu pil biyu masu sauran rai, iyakar burinsa ya sa wa motarsa ƙwan tocila ta riƙa haske da dare. Babu mai tunanin pil zai tura mota.

Masu tseren rimot da batiransu

A daidai waɗannan shekaru, a wasu ƙasashe manya ne da gemunsu ke wasan ƙananan motoci. Sarrafa na'ura daga nesa tsohon abu ne, don tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa da igiyar rediyo a birnin New York. Amma sai a tsakiyar shekarun 1960 motocin rimot suka shiga kasuwa. Na farkon da ɗan injin mai suke aiki. Amurkawa suka kafa hukumarsu ta ROAR a 1967, Turai ta kafa EFRA a 1973, sannan a 1979 aka kafa ta duniya, IFMAR. A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fito da motar batir da mutum zai saya ya haɗa da hannunsa, ita ce ta kai wasan gidaje da yawa. An yi gasar duniya ta farko ta motocin batir a 1982 a garin Anaheim na Amurka, ta masu gudu a kan ƙasa da tudu kuma a 1985. Nahiyarmu ma ta taɓa karɓar baƙuncin gasar, a Afirka ta Kudu, a 2002 da 2018.

Ana raba motocin bisa girma. Wadda aka fi sani ita ce 1/10, wato tsawonta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Batirinta na farko shi ne NiCd, haɗin nikel da kadmiyam, wanda wani ɗan Suwidin mai suna Waldemar Jungner ya ƙirƙiro tun 1899. Kowane ƙwaya ɗaya bolt 1.2 yake bayarwa, ana jera shida a samu 7.2. A farkon shekarun 1980 abin da ƙwaya ke iya ɗauka bai wuce mAh 1,200 ba, wato ma'aunin yawan wutar da ke cikin batir, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Saboda ƙarancin nan ne tseren ya zama gajere: minti biyar ga motocin 1/10, minti takwas ga ƙananan 1/12. Direban da ya cika wuta tun farko sai batir ya mutu masa kafin a busa usur. Gwani shi ne wanda ya iya rabon wutarsa, kamar magidancin da ya san yadda zai kai rumbunsa har kaka.

Daga nan kuɗi suka shigo. Ƙwayoyin batir ko da kamfani ɗaya ya yi su ba sa zama daidai. Sai wasu ƴan kasuwa suka riƙa sayen dubbai, su gwada su ɗaya bayan ɗaya da na'ura, su ware mafiya kyau su haɗa shida-shida masu ƙarfi ɗaya, su sayar da tsada. Mai hali ya zo da jaka cike da zaɓaɓɓun batira, kowane zagaye ya sa sabo. Marar hali kuwa ko ya fi kowa iya tuƙi, a minti na huɗu za a wuce shi. Hukumomin suka ga abin zai kashe wasan, sai suka ƙayyade girman ƙwaya da adadinta, suka kuma fitar da jerin batiran da aka yarda da su, waɗanda dole kowa ya iya samu a kanti.

Wajen shekarar 2000 batirin NiMH ya karɓi fage. Bolt ɗinsa ɗaya da na NiCd, amma ya fi ɗaukar wuta: ya fara daga mAh 3,000, cikin ƴan shekaru ya haura 4,000. Ba shi kuma da kadmiyam, ƙarfen nan mai guba da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a batira tun 2006. Sai dai jerin ƙwaya shida ya kai giram 400 ko fiye, wato sama da rubu'in nauyin motar gaba ɗaya.

Babban sauyi ya zo ne da litiyam. Kamfanin Sony ya fara sayar da irin wannan batir a 1991, kuma mutum uku da suka yi aikin gano shi, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. Nau'insa da ake kira LiPo, mai kama da ƴar jakar leda, shi ne ya shiga tsere, aka fara halatta shi wajen 2008. Ƙwaya ɗaya bolt 3.7 ne, biyu kacal sun ba da 7.4, sun zarce shida na da. Ga shi bai kai su nauyi ba, ga shi ƙarfinsa ba ya faɗuwa da wuri.

Abin da ya kawo sikeli

Kowane ɗan aji shida zai iya gane cewa in jakuna biyu ƙarfinsu ɗaya, wanda kayansa suka fi sauƙi shi zai riga isa kasuwa. Haka mota take. Marar nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa, ta fi iya shan kwana, ba ta kuma cin batir da yawa. Amma rage nauyi kuɗi yake ci, domin sai an sayi ƙarafa da kayan haɗi masu tsada. Wanda ba shi da kuɗin sai ya yi ta fafe motarsa har ta zama ba ƙwari. Maganin da aka samo shi ne a ce ga nauyin da mota ba za ta gaza ba. In ta fi haka, ruwan mai ita. In ta gaza ko da giram ɗaya ne, an soke sakamakonta.

A zamanin NiMH, motar 1/10 mai gudu a kan kwalta wajen giram 1,500 ake nema ta kai. Da LiPo ya shigo sai aka shiga wani hali mai ban dariya: mutum ya sayi batir marar nauyi da tsada, sannan ya dawo yana manna wa motar guntayen ƙarfe don ta cika awo. Amfanin hakan shi ne wanda bai samu kuɗin sauya batir ba bai fita daga wasa rana ɗaya ba. Sai da sabon batir ya wadatu, ya yi araha, sannan aka sauko da awon zuwa giram 1,350, wasu gasannin ma ƙasa da haka. Ƙananan 1/12 kuma suka koma ƙwaya ɗaya tal, da nauyin giram 730. Direbobi suka kuma gano cewa inda aka ɗora nauyin ya fi yawansa muhimmanci: in aka matsa batir gaba motar ta sauya hali, in aka matsa shi baya ta sake sauyawa. Duk direban babbar mota da ke lodin buhuna a tashar Tasawa ya san wannan karatu.

An ƙara da wasu dokokin saboda LiPo yana da zafin rai. Dole ya kasance cikin akwati mai tauri. Dole a yi cajinsa cikin jakar da ba ta cin wuta. Kafin a tashi tsere alƙali zai sa mita ya auna, in batir mai ƙwaya biyu ya haura bolt 8.40, motar ba za ta shiga ba, saboda cusa wa batir wuta fiye da kima yana ƙara gudu amma yana iya jawo gobara. Bayan an gama kuma kai tsaye teburin sikeli ake wucewa da mota, kafin mai ita ya taɓa ta.

Dalilin wannan tsanani, manyan motocin tsere ne suka koyar da shi. A gasar Formula 1 an sa dokar mafi ƙarancin nauyi tun 1961. A 1982 wasu kamfanoni suka ɗaura wa motocinsu tankin ruwa, wai na sanyaya birki ne. Da an tashi sai ruwan ya tsiyaye, mota ta yi gudunta sakayau, in an gama a sake cika tankin kafin awo. A tseren Barazil na wannan shekara aka soke nasarar Nelson Piquet da ya zo na ɗaya da Keke Rosberg da ya zo na biyu. Ko a 2024, a Beljiyam, George Russell ya riga kowa isa, aka auna motarsa ta gaza da kilo ɗaya da rabi daga kilo 798 da doka ta ce, aka karɓe nasarar.

Mu ma muna da misali a gida. Tun da aka fara kokowar neman takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, ƙato da siriri duk fage ɗaya ne, kuma faɗuwar ƙato a hannun siriri na cikin abin da ke tayar da ƴan kallo tsaye. Amma a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma sai an hau sikeli, an raba su aji-aji daga kilo 66 har zuwa 120. Bambancin kawai shi ne a kokowa sikeli yana hana ka wuce awo, a tseren mota yana hana ka gaza shi. Manufar ɗaya ce: a bar gwaninta ta yi hukunci.

Litiyam ya shigo ta bayan gida

Mu babu hukumar da ta tantance mana batir kafin ya iso. Salula ce ta shigo da litiyam a farkon shekarun 2000, sai fitilun sola, da tocilan caji, da ƴan rediyo masu katin waƙa, da akwatunan ajiye caji. Ƙarancin lantarki ya ƙara musu kasuwa. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da Nijeriya ta yanke ta a watan Agustan 2023. Yau da wuya ka shiga gida a Kanambakashe ko Korgom ka rasa matacciyar waya ko fitilar da ta daina aiki. A cikinsu akwai batirin salula mai faɗi, ko dogon nan mai kama da babban yatsa da ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65.

Yaranmu sun gano da kansu abin da masu tsere suka gano a 2008. Babban pil guda biyu sun kusa giram 200, bolt 3 kawai suke bayarwa, in ka ɗora su a motar gwangwani sai ta nutse cikin rairayi. Ƙwayar 18650 guda ba ta kai giram 50 ba, ta kuma fi su bolt, ga shi ana sake yi mata caji. Wannan basira ce, ya kamata a yaba musu. Abin da ba su sani ba shi ne batirin litiyam in aka huda shi, ko aka lanƙwasa, ko bakinsa biyu suka haɗu da waya, ko aka bar shi a rana, yana iya kamawa da wuta mai tsananin zafi da hayaƙi mai guba. Kamfanin Samsung da duk injiniyoyinsa sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda haka. To ina ga yaron da ke ɓare batir da ƙusa a ɗakin da aka yi wa rufin kara?

Ɗabi'un da muka gada daga zamanin R20 su ne babban tarko. Mun saba shanya pil a rana, mun saba fasa shi. Wanda ya yi wa litiyam haka ya ɗebo ruwan dafa kansa. Akwai kuma ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ke cikin agogo da kayan wasa masu haske. In jariri ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Wannan ba a jiran gobe, asibiti ake nufa nan take.

Shawarata ga malamai da iyaye

Hana wasan ba zai yi magani ba, sai dai ya mayar da shi bayan gari inda babu idon babba. A makarantar horon malamai an koya mana cewa darasin kimiyya da abin da yaro zai taɓa ake yin sa, sai muka fito muka tarar da azuzuwan zana da babu ko ƙwan fitila. Ga kayan gwaji nan yara sun kawo da kansu, kyauta. Abin da ya rage mana shi ne mu yi abin da hukumomin tsere suka yi: mu sa doka, mu kawo sikeli.

Ga yadda nake ganin makaranta za ta iya tsara gasar ƙarshen zango. A yi aji uku. Na farko na motocin da babu batir, na kara da waya da gwangwani, a sako su daga kan katakon da aka jingina, a auna wadda ta fi nisa. Na biyu na motocin da yaro ya ƙera ya sa wa inji, kowa da ƙaramin pil R6 guda biyu, iri ɗaya, waɗanda makaranta ko ƙungiyar iyaye za ta saya ta raba a filin. Na uku na motocin kanti masu rimot, su yi ta kansu, kada a haɗa ɗan mai hali da yaron da ya kwana uku yana yanka gwangwani. A aji na biyu a sa nauyin da mota ba za ta gaza ba, malamai su tsayar da shi bayan sun auna motocin da yara suka kawo. A auna kafin tsere, a kuma auna bayansa.

Sikeli ba zai gagara ba. A ari na mai kanti, ko yaran CM2 su ƙera nasu da sanda da zare da gwangwani biyu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ledar ruwa mai rabin lita giram 500 ce, rabinta 250. Motar da ta gaza a cika mata da ƙullin rairayi ko ƙusoshi. Kada a yarda yaro ya fasa batirin babur don ya samo dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya.

A cikin wannan gasa guda akwai giram da kilo, mita da daƙiƙa, lissafin gudu, jeren batir baki da gindi da yadda bolt ke ƙaruwa, da tambayar da ta fi duka daɗi: me ya sa motar wane ta fi ta wane, alhali pil ɗinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya? A nan yaro zai duba ƙafafun da suka karkace, da gindin da ke gogar ƙasa, da inda ya ɗora kayansa. A sa ƴan mata a ciki tun daga farko, a ƙira da tuƙi da riƙon sikeli, domin hannun da ya iya saƙar faifai ba zai kasa lanƙwasa waya ba.

Litiyam kuwa a bar shi ga ƴan kwaleji, ƙarƙashin idon malami ko wani mai gyaran waya na gari da aka gayyato. Batirin da ya kumbura an gama da shi. Ba a caji a kan katifa, ba a caji cikin dare ana barci. A ajiye bokitin rairayi kusa, kamar yadda ake yi a filayen tsere na Turai, mu kuwa rairayi ba sayen sa muke ba. Iyaye su tattara matattun batira a cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu da rijiya da hannun ƙanana, kada a zuba su a juji inda ake cinna wuta.

Cikin shekara 40 masu tseren rimot sun sauya batir sau biyu, kuma duk sauyi sai sun koma teburi sun gyara dokar awo, don kada aljihu ya ƙwace abin da hannu da ƙwaƙwalwa ya kamata su ci. Mu a nan sauyin ya riga ya faru, daga R20 zuwa litiyam, ba tare da wani babba ya zauna da yara a kai ba. Babura da kekuna masu batir sun fara shigowa biranenmu, faifan sola yana kan rufin asibitoci da famfunan ƙauye, kuma duk za su buƙaci mai gyara da ya san bolt, ya san nauyi, ya san abin da ke sa batir ya yi wuta. Masu wannan aiki na gobe suna zaune a azuzuwanmu yau, da guntuwar waya a aljihu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon kula da su, ya kuma tsare mana su.